Gilasan da ake maƙala wa waya: na gwada su a kan gizo-gizo da tsuntsaye, daga Jos har kurmin Okomu

Salam jama'a. Tun da na fara ɗora hotunan gizo-gizo a status mutane ke ta tambayata wai wace kyamara na saya, wasu har cewa suke daga intanet nake kwaso su, to wallahi babu wata kyamara, wayata ce dai da kuka sani sai wani ɗan gilashi da ake maƙala mata a baya. Yau wata bakwai kenan ina amfani da shi, na kai shi cikin duwatsu na kai shi cikin kurmi ruwa ya dake shi, shi ya sa na ga lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani kafin wani ya je ya zuba kuɗinsa a inda bai kamata ba.

A Taminus na saye shi, a wani shagon kayan waya. Saiti ne cikin 'yar jaka mai zif: gilashin makro na kusanto da ƙananan abubuwa, da mai faɗaɗa hoto, da mai lanƙwasa hoto kamar ƙwallo, da wani dogo kamar bututu an rubuta 18x a jikinsa wai na hangen nesa, sai 'yar ƙafa uku ta roba. N17,500 muka daidaita bayan doguwar ciniki, na ƙara N4,000 na karɓi tocila ta ɗaurawa a goshi. Yaron shagon ya ɗaga dogon nan ya ce min "Malam wannan ko tsuntsu yana kan dutsen Shere za ka ƙirga gashinsa", kuma gaskiya saboda dogon na saya, don a lokacin tsuntsaye ne a raina ba gizo ba.

Abin da ya ja ni ciki kuwa wani abokina ne da ke karatun digiri na biyu a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Jos tun 2002, ita ce ke cikin dajin Amurum. Ni malamin Bayoloji ne a sakandare, shekara da shekaru ina koyar da yara rabe-raben halittu daga littafi, ban taɓa sanin cewa nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, an rubuta tsuntsaye sama da iri 300 a ɗan daji guda ba. A can ya nuna min wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu da ake kira Rock Firefinch, wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin sabon jinsi, kuma daga nan Filato aka bayyana shi. Akwai kuma wani baƙi mai sheƙi da ba ya yin sheƙa, sai dai macensa ta je ta saka ƙwai a sheƙar jan, shi kuma namijin ya riƙa kwaikwayon kukan jan da ya rene shi. Ranar na dawo gida ban iya barci da wuri ba.

To bari in fara da dogon tunda shi ya ɓata min rai. Bai yi ba. Ko kaɗan. Kafin ka maƙala shi ka daidaita shi da idon kyamara ka murɗa fokas tsuntsun ya tashi tuntuni, in kuma ka yi sa'a ya zauna to hoton tsakiyarsa ne kawai ke fita, gefe duk baƙi da wani shuɗi-shuɗi a bakin reshe, ga rawa, numfashinka kaɗai ya isa ya girgiza hoton. 'Yar ƙafa ukun ma ba ta iya ɗaukar nauyin waya da bututun, sai ta riƙa sunkuyawa a hankali. Na samu hoton hankaka a kan falwaya da na belbela a bayan shanu, su kenan, kuma waɗannan ai ko babu gilashi za ka ɗauke su. Mai faɗaɗawa da mai lanƙwasawa kuwa na hoton biki ne, yaran gida na ba su.

Makron shi ne maganar. Shi ne mafi ƙanƙanta a jakar, ko kallonsa ban yi ba ranar saye, sai wata Asabar ina zaune a tsakar gida na ga wani ɗan gizo mai tsalle a jikin bango yana bin ƙuda, bai fi ƙwayar shinkafa ba, na ce bari in gwada. Da hoton ya fito na daɗe ina kallo. Manyan idanu biyu a gaba suna sheƙi kamar fitilar mota, ƙanana biyu a gefensu, gashi fari a ƙasan fuska kamar gemu, kuma abin mamaki yana juyowa yana kallon gilashin, in na matsa dama ya juyo dama. Ɗan yayata ya leƙo ya ce "Kawu wannan a gidan nan yake?" na ce ga shi can a bango. Waɗannan masu tsalle su ne dangi mafi girma a gizo-gizo, sun haura iri 6,000 a duniya, ba sa saƙa yana don kamu, farauta suke da ido.

Amma fa sai ka koyi hannunsa. Dole ka cire kes ɗin wayar in ba haka ba maƙalin ba ya zama daidai, kuma in wayarka mai ido uku ce sai ka gano wanne ne babban idon, wani lokacin ma kana matsawa kusa wayar da kanta za ta sauya zuwa wani idon sai ka ga allo ya yi duhu, sai ka shiga saitin ka kashe wannan. Tazarar da yake gani ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba daga abin da kake ɗauka, ka matsa kaɗan ya dushe ka ja baya kaɗan ya dushe, ba a taɓa allo don fokas, jikinka ne za ka riƙa kaiwa da komowa a hankali kana danne da maɓallin ɗauka, cikin hoto 20 ka samu biyu masu kyau ka gode Allah. Inuwar wayar ma tana rufe haske, shi ya sa tocilar nan ta zama dole, sai in cire ta daga goshi in riƙe ta daga gefe in rufa mata farar takarda don hasken ya yi laushi. Fulash ɗin waya kar ma ka kunna, ta saman abin yake wucewa.

Tocilar goshin kuma ita ta buɗe min dare. Abokin nawa ya ce in ɗaura ta daidai saitin idona in haska ciyawa daga nesa, na yi haka a wani fili bayan gidanmu farkon damina sai ga ƙyalƙyali ko'ina kamar an watsa fasasshen gilashi, na ɗauka raɓa ce, ashe idanun gizo ne, irin masu yawo a ƙasa, akwai wani abu a bayan idonsu da ke mayar da haske kamar na kyanwa. Na bi ɗaya na tsuguna na maƙala makro, ashe uwa ce, bayanta cike dam da 'ya'ya sun hau kan juna, tana tafe da su. Ni da na taso ina jin ana cewa tautau ne ke sa ƙuraje a fata, a gefe guda kuma Inna tana hana mu kashe gizo saboda labarin kogon da aka yi masa saƙa a baki lokacin Hijira, ban taɓa tsayawa na kalli halittar da kanta ba sai daren nan.

Gwaji na gaske shi ne da muka je Okomu a jihar Edo, na bi wasu ɗalibai ne kwana huɗu. Wannan shi ne kurmi na ainihi, wajen murabba'in kilomita 200, an mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, itatuwa irin rimi masu saiwa kamar katanga sun fi mutum tsayi, sama a rufe ruf, tsakar rana amma ƙasa kamar bayan la'asar. Mu da muka saba da busasshiyar iskar Jos da sanyinta sai ka ji kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Kuma nan ne kayan suka nuna halinsu. Da safe gilashin makro yakan yi gumi sai na goge, amma da yake guda ɗaya ne a buɗe gogewar ta wadatar. Dogon kuwa gumin a cikinsa yake shiga inda hannu ba ya kaiwa, bayan mun dawo da sati biyu na ga wasu fararen zare-zare sun fito a ciki, fumfuna ce, ya tashi aiki. Sifirin ɗin maƙalin shi ma ya yi tsatsa duk da har yanzu yana kamawa. Da na sani da na tara 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi na zuba a jakar, yanzu haka nake yi.

Tsuntsun kurmi ma ba na hoto da waya ba ne sam. Yawanci jin su kake ba gani ba, suna can ƙololuwa. Manyan cilakowa na kurmi masu ƙoƙo a saman baki in za su wuce tun kafin ka gan su za ka ji fukafukansu fuu fuu kamar ana zuga zugazugi, aku kuma su wuce da yamma suna fito, waɗannan akun da muke gani a keji a gidajen mutane, a can gidansu yake, kuma kama su da ake yi ya sa yanzu suna cikin jerin masu fuskantar ƙarewa, raina ya sosu da na gan su a sake. Wata safiya muka ci karo da rundunar kwarkwasa ta ratsa hanya, mai yi mana jagora ya ce mu tsaya shiru, sai ga ƙananan tsuntsaye suna saukowa suna cafke ƙwarin da ke gudun kwarkwasar, har da gizo-gizo a cikin masu gudun. Duk wannan da madubin hangen nesa na aro na gani, 8x42, wato yana kusanto da abu sau 8 kuma faɗin gilashin gabansa milimita 42 ne shi ya sa yake tara haske a duhun daji. Abin da waya ta yi min a kan tsuntsu shi ne naɗar kuka, wannan kam ta yi, kuma da kukan ake gane da yawansu.

Gizo kuwa a kurmin nan ba sai ka nema ba. Akwai babbar nan mai saƙa yana rawaya kamar zaren zinare a tsakanin itatuwa, macen ta kusa tafin hannu in ta miƙe ƙafafu, namijin ɗan mitsitsi ne a gefen yanar sai da makro na tabbatar ba ɗanta ba ne. Akwai masu ƙaya a baya kamar kaguwa, akwai wanda na rantse tururuwa ce sai da na ƙirga ƙafafu a hoto na ga 8, yana ɗaga biyun gaba yana kaɗawa kamar ƙahon tururuwa. Ɗaliban sukan shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin reshe su buga da sanda, abin da ya zubo su tsince, su kuma binne kofuna a ƙasa daidai baki don masu yawon dare su faɗa. Ni nawa hoto ne, kuma na koyi ɗaukar uku ga kowanne: ta sama, ta fuska saboda tsarin idanu shi ke nuna dangi, sai ta ciki in yana kan yana.

A nan ya kamata in faɗi iyakar gilashin don kar in yaudari kowa. Zai kai ka ga dangi, wani lokacin ya kai ka kusa da haka, amma ainihin jinsi yawanci sai an saka gizon a sifirit an duba gaɓoɓin haihuwarsa a maikiroskof, wannan ba aikin waya ba ne. Ina ɗora nawa a iNaturalist, wata manhaja da ake ɗora hotunan halittu mutane su sa musu suna, in mutum biyu ko fiye suka yi ittifaƙi a kan suna sai bayanin ya shiga rumbun da masu bincike ke ɗiba. Hoton tsuntsu kafin in sha shayi an sa masa suna, na gizo kuwa wasu sun yi wata biyar ba wanda ya iya wuce dangi. Ba abin mamaki ba ne, tsuntsayen duniya wajen iri 11,000 ne kuma masu bin su ba iyaka, a nan gida ma tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, an yanka ƙasar gida-gida kowane wajen kilomita 9 tsawo da faɗi, mutane suna shiga da manhajar BirdLasser suna rubuta abin da suka gani. Gizo kuwa kundin duniya da ake ajiyewa a Bern ta Suwizalan ya haura iri 50,000 tun 2022 kuma kullum ƙaruwa yake, amma mu nan wa ke tsugunawa ya ɗauki na bayan gidansa? Abin yana damuna, don ana sare kurmin nan ana dasa kwakwar manja da roba a kewayensa, abin da ba a rubuta ba in ya tafi ba wanda zai san ya taɓa zama.

Na koma shagon da dogon a hannu na nuna wa yaron fumfunar, ya ce "Malam ai babu garanti a kayan nan", ban yi musu ba don bai ce akwai ba tun farko, sai dai na gaya masa ya daina cewa mutane za su ƙirga gashin tsuntsu da shi. Na tambaye shi ko yana sayar da makro shi kaɗai ba saiti ba, ya duba ƙasan kanta ya fito da su, N3,500 ɗaya. Wanda ke son tsuntsu ya haƙura ya tara kuɗi ya sayi madubin hangen nesa na ƙwarai ko ya bi masu fita kallon tsuntsu ranar Asabar su ara masa. Wanda ke son gizo da ƙwari ya sayi makro kaɗai da tocilar goshi, kar ya karɓi saitin ko an rage masa. Ni na karɓi guda shida ranar, 'yan SS2 ɗina za su fara da bangon bayan lab ranar Laraba, kowane rukuni waya ɗaya da rula ɗaya a ajiye gefen gizon don a san girmansa.