Jarumin fim ko gwanin murya, wa ya kamata ya yi maganar Gizo?

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanina na Mamobi, tambayarka tun daren jiya na gan ta, ina cikin motar haya ta trotro daga Circle na karanta, na ce a'a wannan ba ta layi biyu ba ce sai na zauna. Ga waɗanda ba su gani ba, yaron nan katun yake haɗawa na Gizo da Ƙoƙi da Hausa a laftof ɗinsa, minti 10, zane ya kusa ƙarewa saura murya, shi ne yake tambaya ɗan kuɗin da ya rage masa ya ba wani sananne mai mabiya a TikTok ya yi Gizo, kamar yadda manyan kamfanonin Amurka suke ɗauko jaruman fim, ko kuwa ya nemi waɗanda murya ce sana'arsu ko da ba wanda ya san fuskarsu. Ni na daɗe ina ɗaukar tallan rediyo da wasan kwaikwayo na murya a wani ɗan sutudiyo nan Accra, toh rabin abin da zan faɗa na finafinan waje ne, rabi kuma abin da kunnena ya ji ne.

Da farko ka sani su ma can ba haka aka fara ba. Da can aikin na masu murya ne, mutum ɗaya mai suna Mel Blanc shi ke yin Bugs Bunny shi ke yin Daffy Duck shi ke yin Porky Pig, yara ba su san shi ba kuma ba ruwansu. Akan ɗan saka sananne jefi-jefi, amma inda kasuwa ta juya sosai shi ne 1992 da Disney ta fitar da Aladdin, Robin Williams ya yi muryar aljanin fitila. Abin da mutane suke mantawa shi ne shi kansa bai so a yi ciniki da sunansa ba, dala dubu 75 kawai ya karɓa, mafi ƙarancin abin da ƙungiyar jaruman fim ta yarda a biya, bisa sharaɗin kar a riƙa tallan kaya da muryarsa. Fim ya ci kasuwa, sharaɗi ya karye, suka ɓata da kamfanin. Sauran kamfanoni kuwa darasin da suka ɗauka guda ɗaya ne, suna yana sayar da tikiti. Daga nan sai ga Tom Hanks a Toy Story a 1995, ga Mike Myers da Eddie Murphy da Cameron Diaz a Shrek a 2001, har abin ya zama doka.

Toh me jarumi yake kawowa? Suna, shikenan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yaro ɗan shekara 6 ba shi ke cire kuɗi a silimar Silverbird ta Accra Mall ba, babansa ne ko mamansa, su ne suke duba fosta su ga sunan da suka sani su ce toh mu shiga. Jarumi zai zaga gidajen talabijin a yi hira da shi, zai saka a shafinsa mutane miliyoyi su gani, wannan talla ce da gwanin murya ba zai iya ba ka ba ko da ya fi shi iyawa sau goma. Da aka yi fim ɗin Mario a 2023 aka ba Chris Pratt, alhali a lokacin Charles Martinet ne yake muryar Mario a wasannin gem tun shekarun 1990, mutane sun yi ta faɗa a intanet, amma fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3. Sai dai ni kullum ina tambaya, Pratt ne ya kawo kuɗin ko Mario da kowa ya taso yana bugawa? Don ga Sinbad na DreamWorks a 2003, an zuba Brad Pitt da Catherine Zeta-Jones da Michelle Pfeiffer, duk da haka asara aka tafka. Suna yakan kai mutum bakin ƙofa ne kawai.

Shi kuma gwanin murya abin da yake kawowa ba a gani a fosta, sai an shiga ɗakin ɗauka. Jarumin fim da fuska yake aiki, da ido, da tafiya, da yadda yake ɗaga gira, ka kwashe duk wannan ka tsayar da shi gaban makirfo shi kaɗai da takarda a hannu, da yawansu sai ka ji karatu suke yi ba magana ba. Gwanin murya kuwa komai a maƙogwaro yake, ya san yadda zai yi dariya ka ji ta mugu ce, ya san nishin mai ɗaukar kaya daban da nishin mai ciwo, ya san inda zai ja da baya daga makirfo in zai yi ihu don kar sauti ya fashe, kuma muryar da ya yi maka yau in ka kira shi bayan wata 6 ita zai sake yi ba ta canza ba. Ɗauki Frank Welker, tun 1969 yake muryar Fred a Scooby-Doo, daga baya ya haɗa da karen kansa, kuma a cikin Aladdin ɗin nan da ake ta yabon Robin Williams shi ne biri Abu, shi ne damisar gimbiya, shi ne kogon nan mai magana. Mutum ɗaya. Amma da aka zo yin fim ɗin Scooby-Doo mai suna Scoob! a 2020 sai aka karɓe Fred daga hannunsa aka ba Zac Efron, aka bar masa kare, wannan abin har yau yana ci min rai wallahi, shekara 50 mutum yana riƙe da abu. Kuma ka duba su wa suke yin muryar yara maza, Bart Simpson mace ce Nancy Cartwright, Goku a Japan mace ce Masako Nozawa, Naruto ma mace ce. Wane sananne ne zai yarda ya ɓace haka a cikin yaro har a manta da shi?

Akwai wani misali da nake yawan ba yaran da suke zuwa koyo wajenmu. A The Lion King na 1994 Jeremy Irons ne mugun zakin nan Scar, ana cikin ɗaukar waƙarsa muryarsa ta dushe, sai Jim Cummings da yake yin ɗaya daga cikin kurayen ya ƙarasa ƙarshen waƙar da muryar Irons, kuma mu duka mun kalla ba wanda ya ji inda aka haɗa. Sana'a kenan.

Kar ka ce na tsani jarumai, a'a. Wasu sun yi abin da ba mai iya maimaitawa, James Earl Jones a Mufasa na The Lion King har da aka sake fim ɗin a 2019 aka canza kowa shi aka dawo da shi, jakin Eddie Murphy a Shrek kuma ba na jin akwai wanda zai yi shi haka. Amma in ka lura waɗanda suka yi kyau ɗin yawanci mutanen dandamali ne ko masu barkwanci a gaban jama'a, waɗanda dama da baki suke cin abinci. Ba shaharar ce ta yi aikin ba, sun iya ne sannan kuma sun shahara.

Sai maganar gobe, wadda kai ta fi shafarka tunda ka ce kashi-kashi kake so ka riƙa fitarwa. Jarumi ba kullum yake dawowa ba. Da Robin Williams ya yi fushi, Dan Castellaneta mai muryar Homer Simpson aka kira ya yi aljanin a Aladdin kashi na biyu a 1994. Muryar Woody, wanda Tom Hanks yake yi a Toy Story, a kayan wasa da gem ƙanin Tom Hanks ne Jim yake yi. Wato ko su masu miliyoyin daloli in taro ya watse wajen masu sana'ar suke komawa. Kai in ka gina Gizonka a kan muryar ɗan TikTok, kashi na 2 ya ce farashi ya tashi ko ya tafi Kumasi biki ba ya ɗaukar waya, ya za ka yi? Ka canza murya yara su ce wannan ba Gizonmu ba ne.

Mu nan ma ai mun ga hujja da idonmu. Lokacin da Adom TV take nuna wasan Indiyan nan Kumkum Bhagya da yaren Twi, gari yakan yi tsit, mata a Nima da Madina ba mai motsi, kuma muryoyin da suka riƙe su ba na jaruman Indiya ba ne, na waɗanda suka ɗora Twi ne. Haka fassarar Algaita ta Kano da muke turawa juna a waya, mutane nawa ne za su gane masu maganar in sun gamu da su a hanya? Amma da ka ji muryar ka san ta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a naka aikin. Ka ce zane ya kusa ƙarewa. A Amurka yawanci murya ake fara ɗauka sannan a zana baki ya bi ta, shi ya sa Robin Williams ya samu damar sakin baki yana ƙirƙirar magana nan take, mai zane Eric Goldberg yana bin sa. Kai ka riga ka zana bakin, toh dole murya ce za ta bi zane, kamar yadda aka fi yi a Japan, mutum yana kallon allo yana shigar da jimla daidai buɗewar baki da rufewarsa. Wannan shi ne mafi wuya a aikin duka, kuma abin da ya sa ɗan TikTok yake da daɗin kallo, wato surutunsa na kai tsaye, ba shi da wurin shiga a nan. Na taɓa ɗaukar wani sananne tallan minti 1, mutumin kirki ne ba ruwansa, amma mun kusa awa 3 muna maimaitawa don bai saba a ce masa rage rabin sakan ba, washegari wata Hajiya da ta daɗe tana wasan rediyo ta zo ta yi nata ɓangaren kafin shayinta ya huce.

Kuma Gizo ba kowa ke iya shi ba. Gizo tsamin baki gare shi, ba ya iya cewa sarki sai sayki, ga wayo ga tsoro ga kwaɗayi duk a murya ɗaya, yana roƙo yana ƙulla sharri a lokaci guda. Kakanninmu da suke mana gatanan gatananku a tsakar gida sun iya wannan ba tare da an koya musu ba. Sannan ka yanke tun yanzu wace Hausa Gizonka zai yi, ta Zango da yaranmu suke ji a gida ko ta Kano, kowacce ka ɗauka daidai ne amma kar Gizo ya yi ɗaya Ƙoƙi ta yi ɗaya kamar ba gida ɗaya suke ba.

Shawarata ƙanina, ka raba aikin biyu. Gizo da Ƙoƙi ka ba masu murya, ka zaga gidajen rediyon da suke shirin Hausa, ka tambayi masu wasan kwaikwayo na makarantun Islamiyya lokacin Mauludi, ka tambayi masu sanarwa a biki, akwai muryoyi a Zangon nan da ba a taɓa ɗauka ba. Shi kuma sanannen in kuɗi ya kai ka ba shi ƙaramin wuri, Kura ko Sarki mai layi 4, ko waƙar buɗewa, sai ya saka a shafinsa. Ko a Sonic na 2 a 2022 haka aka yi, aka kawo Idris Elba, ɗan'uwanmu na Ghana ta wajen uwa, ya yi Knuckles amma aka bar Tails a hannun Colleen O'Shaughnessey da take yin sa a gem. Ka tuna kuma yadda Shatta Wale ya shiga kundin waƙoƙin da Beyoncé ta fitar tare da The Lion King a 2019, bai yi muryar ko zaki ɗaya ba amma Ghana duka ta yi maganar.

In za ka gwada mutane kar ka kalle su, ka ba kowa layi ɗaya iri ɗaya, ka ɗauka a waya ba suna, ka kunna wa yara 5 ko 6 na gidanku ka zauna gefe ka ga a wace murya suka yi dariya, a wace suka ce a sake. Ranar Asabar bayan Azahar ina sutudiyo, ka zo da laftof ɗin da takardar maganganun, zan kira Hajiyar nan ta gwada mana Ƙoƙi.