Rahoton ɗalibi ko sauraron zaman da kanki: da wanne za ki ba shi maki?

Malama, na ga tambayarki. Kin ce an ba ki ɗalibai shida masu sanin makamar aikin ba da shawara kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, ki riƙa duba su, a ƙarshen zango kuma ki cike musu takardar maki. Wasu abokan aikinki sun ce rahoton da ɗalibi yake rubutawa bayan kowane zama, da bayanin da zai yi miki a ofis, ya wadatar. Wasu sun ce sai kin ji zaman da kanki, ko dai a naɗi murya ko ki zauna a ɗakin. Lokacinki kaɗan ne, shi ya sa kike son sanin wanda za ki riƙe.

Hanyoyin nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Rahoto yana nuna miki yadda ɗalibin yake tunani. Sauraro yana nuna miki abin da ya aikata lokacin da mutum ke zaune a gabansa. Idan takardar makinki tana tambaya ne kan gwanintar aiki, to rahoto shi kaɗai ba zai amsa ta ba.

Amma kada a raina rahoto. A cikinsa ne za ki gane ko ɗalibi ya iya haɗa labarin mutum ya zama abu mai ma'ana: me ya kawo shi, yaushe abin ya fara, me ke ƙara rura shi, wane ƙarfi gare shi, mene ne shirin zama na gaba. Ba ya cin lokaci, kina iya karanta na ɗalibai shida a yamma ɗaya, kuma ba ya shiga tsakanin ɗalibi da wanda ya zo neman taimako. Ɗalibin da ya kasa rubuta rahoto mai tsari, da wuya ya kasance yana da tsari a cikin ɗaki.

Rauninsa shi ne mutum ba ya rubuta abin da bai lura da shi ba. Na taɓa duba wata ɗaliba mai ƙwazo, rahotonta tsaf, babu inda za ki sa jan biro. Ta rubuta cewa matar da ta gani tana fama da rashin barci da yawan tunani, ta tausaya mata, ta ƙarfafa mata gwiwa. Da muka kunna muryar, a wajen minti na ashirin, matar ta yi ƙasa da murya ta ce wani lokaci ji take gara ta kwanta kada ta tashi. Ɗalibar ba ta bari an yi ko daƙiƙa biyu ba ta ce: “Haba, ki daina faɗin haka, haƙuri za ki yi, kowa da tasa jarrabawar.” Ta wuce tambaya ta gaba, a kan cin abinci. Matar ba ta sake komawa kan maganar ba har aka tashi. Ɗalibar ba ƙarya ta rubuta ba, ita a ranta tausayawa ta yi. Amma wannan jumlar ita ce wurin da ya kamata ta tsaya, ta tambayi matar kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, ko ta taɓa shirya wani abu, da wa take kwana a gida. A ranar muka sa aka sake kiran matar. Da rahoto kaɗai na riƙe, da na ba da maki mai kyau a kan zaman da aka bar rai cikin haɗari.

Mu kuma muna da ƙarin matsala: a yi zaman da Hausa, a rubuta rahoton da Turanci. “Zuciyata ta yi baƙi”, “abin ya tsaya mini a ƙirji”, “na gaji da duniyar”, duk sai su koma kalmar Turanci guda ɗaya a takarda, nauyin kowacce ya ɓace.

Ban da abin da ɗalibi bai gani ba, akwai wanda ya gani ya yi shiru. A 1996 Nicholas Ladany da abokan aikinsa sun tambayi ɗalibai 108 a Amurka, kashi 97 cikin ɗari suka ce akwai abin da suka ɓoye wa mai duba su, ciki har da kurakuran da suka yi a aiki. Wannan ba rashin gaskiya ba ne na wasu 'yan tsiraru, haka ɗan Adam yake idan wanda zai kai wa kukansa shi ne mai riƙe da makinsa. A wurinmu da kunyar malami ta yi yawa, sai ki ƙara lissafi da wannan.

Sauraron zaman ba sabon abu ba ne. Tun farkon shekarun 1940 Carl Rogers yake naɗar zaman ba da shawara a faifai a Jami'ar Jihar Ohio, shi da ɗalibansa su zauna su saurara, a 1942 kuma ya buga cikakkiyar hirar wani mutum guda kalma bayan kalma. Yau ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, a ƙa'idojinta da suka fara aiki a 2017, ta wajabta cewa duk makin da za a ba ɗalibi a wurin sanin makamar aiki sai ya dogara a wani ɓangare kan kallon aikinsa, ko ido da ido ko ta na'ura. A Birtaniya masu koyon hanyar gyaran tunani da ɗabi'a suna miƙa zaman da suka naɗa, a auna shi da ma'aunin CTS-R mai abubuwa 12, kowanne daga 0 zuwa 6, jimla 72, ana neman 36 kafin a ce mutum ya haye. Daga abin da ake dubawa akwai tsara abin da za a tattauna, tafiyar da lokaci, aiki tare da mutumin maimakon yi masa lacca, da ba shi aikin da zai gwada a gida. Amfanin irin wannan ma'auni shi ne yana hana ki ba da maki don ɗalibi ya burge ki da ladabi ko iya magana.

Sai dai sauraro yana da tsada. Zaman minti 50 yana cin miki fiye da awa idan za ki tsaya ki rubuta. Idan ɗalibi ne ya zaɓi wanda zai kawo, mafi kyau zai kawo. Malamai biyu kan ji zama ɗaya su ba da maki daban, idan ba su taɓa zama sun daidaita fahimtarsu ba. Mafi nauyi kuma shi ne amana. Matar da ta zo da matsalar aurenta tana da hujjar jin tsoron muryarta ta fita ta kai kunnen dangin miji, a zamanin da saƙo ɗaya na WhatsApp ke zaga gari. Idan ta ce a'a, an gama magana, kuma kada hakan ya rage mata komai na kulawa. Zama a ɗakin da kanki ya kauce wa wannan, amma sau da yawa mai neman shawarar kan juyo yana yi miki magana, ya bar ɗalibin.

Inda ba a samu izini ba, akwai gwaji na kwaikwayo: wani ya fito a matsayin mai damuwa na minti goma, ke kina kallo. Ana iya ba irin wannan gwaji maki da ma'aunin ENACT, mai auna gwanintar ba da shawara. Wannan ma'auni, wanda Brandon Kohrt da abokansa suka fitar a 2015 daga aikinsu a Nepal, an yi shi ne don irin wurarenmu masu ƙarancin ma'aikata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun sa shi a EQUIP, tsarinsu na horarwa da auna masu ba da irin wannan taimako. Abin da na fi so a cikinsa shi ne yana da gurbi na halayen da ke cutarwa, kamar ɗora wa mutum laifi ko yin biris da maganar kashe kai. Kwaikwayo bai kai zama na gaske ba, amma a nan ne za ki iya jefa wa kowane ɗalibi irin jumlar matar nan ki ga yadda zai yi.

Da ni ce ke, rahoto zan riƙa karɓa kowane mako, in ba shi makin tunani da tsari. Makin gwaninta kuwa ba zan sa hannu a kansa ba sai na ji wa kowane ɗalibi cikakken zama biyu, ɗaya a farkon zango ɗaya a ƙarshe, kuma ni zan zaɓi ranar. Zama 12 ke nan a zango. A sauran makonni ɗalibi ya kawo minti goma na wurin da ya fi ba shi wahala, ki gaya masa tun farko cewa wannan ba na maki ba ne. A yi naɗin da na'urar da ke zama a ofis a kulle, ba wayar ɗalibi ba, a faɗa wa mai neman shawarar, da Hausa, wanda zai ji muryar da kuma ranar da za a goge, ranar ta zo kuma a goge a gaban ɗalibin.