Tsohon mai gyaran agogo da ya ƙera wa 'yata tabarau na tagulla

Wata uku ke nan 'yata ba ta da zance sai na wata yarinya da ke cikin littafin da take karantawa. Marainiya ce mai gyaran injin jirgin sama da ke tashi da tururi, ba ta jiran kowa ya zo ya cece ta. Turawa na kiran irin labaran nan steampunk, sunan da ya fito a 1987. Ana ɗaukar zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, lokacin kwal da tukunyar tururi, sai a ƙaddara cewa duniya ta ci gaba a haka, komai da tagulla da haƙoran ƙarfe masu juya juna. Da makarantarsu ta sa ranar da kowace ɗaliba za ta yi shigar wadda ta burge ta a littafi, na san inda za mu dosa.

Tabarau take so, irin na makanikan labarin. Na sayo mata ɗaya ta intanet, ashe roba ce aka shafa wa fenti ruwan zinare. Kwana biyu ya fara ɓarewa. Maƙwabciyata ce ta yi mana kwatancen wani dattijo mai gyaran agogo a nan Madina, Bahaushe haifaffen garin, kakansa ya zo aikin hajji a ƙasa bai koma ba.

Shagon ƙarami ne ƙwarai, mutum uku suka shiga ya cika. Gilashin gaba cike yake da agogunan da masu su suka manta da su. Na yi zaton zai sallame mu, don wannan ba aikinsa ba ne. Sai ya karɓi zanen da ta yi a takarda, ya kusanto da shi fuskarsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Jikata, wannan haƙorin da kika zana a gefe, me yake juyawa?" Ta ce ado ne, Baba. Ya girgiza kai. "A wurina ƙarfe ba ya zaman banza. In za mu sa shi, sai ya yi aiki."

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ya ɗauki yarinya 'yar shekara 14 da muhimmanci. Ya buɗe bayan wani mataccen agogo, ya miƙa mata madubin da yake maƙalawa a ido, ya nuna mata yadda ake ɗaure zaren ƙarfen nan mai naɗi da yadda yake sakin ƙarfinsa sannu a hankali zuwa haƙora. Ya ba ta labarin Al-Jazari, injiniyan Musulmi da ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, wanda ya ƙera agogon giwa mai aiki da ruwa. Ya tambaye ta ko ta taɓa zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hijaz da ke unguwar Anbariya. Wallahi kunya ta kama ni, kullum muna wucewa ta wurin. Jirgin ya iso Madina a 1908 daga Dimashƙa, tafiyar kusan kilomita 1,300, kuma kawunan jiragen tururin suna nan a ajiye. Dattijon ya ce ta je ta gani da idonta kafin ta dawo karɓar kaya. Mun je. Ta yi kusan awa guda tana leƙa tukunyar da ake zuba wa kwal.

Tabaran da ya yi da gilasan tsofaffin agogo biyu ne a cikin zobban tagulla, da maɗaurin fata. A gefen dama akwai ɗan haƙori, in ka murza shi sai wani ƙaramin gilashi mai ƙara girman abu ya sauko. Riyal 80 ya karɓa, kuma na ga bai ci riba ba.

Sai dai mai gaggawa ya yi haƙuri. Kwana huɗu ya ce, ya zama tara, saura kwana ɗaya bikin muka karɓa, hankalina duk ya tashi. Ba ya ɗaga waya yana aiki. Tagullar kuma tana da nauyi, ta bar mata shaida a karan hanci, sai da na liƙa ɗan ƙyalle daga ciki. Duk da haka, gobe ma can zan koma.

Da za mu tafi ya zuba mata haƙoran agogo a wani gwangwanin alewa, ya haɗa mata da ƙaramin sukundireba. Agogon bangon kicin ɗina yanzu yana kan tabarma a warwatse, ta ce Asabar za ta kai wa Baba ya duba ko ta mayar da shi daidai.