Dillalan da suka fara ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta

Masu neman hili a Maradi ga labarin wani ofishin dillalai na wajen unguwar Zariya, su wani kamfani ya ba saida ragowar hilinshi da ke bayan magaza. Abin da ya burge ni, kafin su kafa allo ko su watsa a WhatsApp sai da suka bi mu gida gida, mu da katangarmu ke jingine da wurin, suka ce Alhaji ga kuɗɗi kaza, in kana so kai ne farko, in ba ka so sa hannu nan mu kai kasuwa.

Kuma fa ba don shari'a ta tilasta su ba. Shuf'a, wato haƙƙin riga kowa sayen wurin, a Malikiyya da muke bi ta abokin tarayya ce cikin abin da ba a raba ba, Hanafiyya ne suka ba maƙwabci. Amma wanda ya zauna garin nan ya san abin da ke biyo baya in an saida bayan gidanka ba ka sani ba, mutum ya ɗora bene taga na leƙen tsakar gidan iyalinka, ko ya toshe hanyar ruwa, damina ta zo ruwan da ya kamata ya gangara Gulbi ya kwana ɗakinka, daga nan sai gaban mai unguwa sai kotu. Wallahi don wannan kaɗai sun cancanci yabo.

Inda suka gaza wa'adi ne, ya yi gajere ƙwarai. Akwai dattijo kusa da mu, ɗanshi na Abijan yana haɗo kuɗɗin, ya roƙe su su jira ƙarshen wata suka ce kamfani na gaggawa, yana ji yana gani yankin da ke manne da zaurenshi ya tahi hannun wani. Abin ya taɓa ni sosai.

Sai kuɗɗin mai awo da na takardun meri, ba su faɗe su tun farko ba, sai da aka kafa turaku sannan lissafi ya fito. Takardu dai sun cika, mun kai kadastur, ofishin rajistar hilaye, an duba ba matsala. In gona ce bayan gari ku tuna wurin Cofo, kwamitin kula da hilaye, ake bi, tun dokar karkara ta 1993.

Zan sake hulɗa da su, amma in sun zo ƙofarka ka ce a rubuta maka jimillar kuɗɗi da ranar wa'adi kafin ka amsa.