Wata bakwai da ƙarfen Dunlop 920 a hannuna

Wata bakwai ke nan da sayen ƙarfen Dunlop 920 na kaɗa fedal sitil, kuma tun ranar da ya iso ban sake ɗaukar tsohon ba. Ga wanda bai san kayan ba: fedal sitil jita ce da ke kwance a kan ƙafafu huɗu kamar tebur, makaɗi yana zaune a gabanta. Ba a danna tsirkiya da yatsa. Hannun hagu ne ke riƙe da gajeren ƙarfe mai santsi, kansa a mulmule kamar harsashi, yana sulalawa da shi a kan tsirkiyoyi goma. Ƙafa na taka feda, gwiwa na tura liba, su kuma suna ɗaure wasu tsirkiyoyin ko su sassauta su. Ina yaro na fara jin ta a faifan King Sunny Ade, daga hannun Demola Adepoju, wanda ya kaɗa ta kuma a faifan Graceland na Paul Simon a 1986. Kukan nan nata ne ya sa na shekara biyu ina tara kuɗi, har Allah ya sa na samu ta hannu a nan Legas.

Ƙarfen da ya zo tare da ita ba suna a jikinsa, ba nauyi, rufinsa ma ya fara ɓarewa. Saboda rashin nauyin nan sai na saba da danne shi da ƙarfi don kada tsirkiya ta yi zizar nan mai ban haushi. Minti ashirin sai wuyan hannu ya ƙage, sautin kuma ya hau sama da inda ya kamata, domin danna tana ƙara ɗaure tsirkiya. Na daɗe ina zargin kunnena.

Shi 920 baƙin ƙarfe ne marar tsatsa, kaurinsa 7/8 na inci, tsawonsa inci 3 da kwata, nauyinsa ya ɗan haura giram 200. Wannan girman shi ne aka fi sabawa da shi a jita mai tsirkiya goma da saitin E9, wato tsarin ɗaurin tsirkiyoyi irin na makaɗan birnin Nashbil na Amurka. Ranar farko na kai shi wurin malamina, dattijon da ya daɗe yana kiɗan juju, irin na King Sunny Ade. Ya auna shi a tafin hannu, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, wannan ba ya neman taimakonka. Ɗora shi kawai, ka bi shi." Na ce, "To Baba." Amma sai da na yi mako uku kafin hannuna ya yarda ya daina danna. Nauyin ƙarfen ya wadatar. Ɗan ali yana kwance a samansa, babban yatsa da na tsakiya sun tallafe shi, sauran biyun suna bin tsirkiyoyi a baya suna kashe hayaniya.

Inda ya fi biya mini kuɗina shi ne karkarwar sauti, wadda makaɗa ke kira bibrato. Da, girgiza hannu nake yi da sauri, sautin ya fito kamar kukan akuya, kuma ni kaina na san ɓoye rashin daidaito nake yi da shi. Hanya biyu ce ake bi: ko ka sulala ƙarfen gaba da baya, ko ka mirgina shi a ƙarƙashin yatsunka kamar mai murza zare. Tsohon ƙarfena ba ya mirginuwa, inda ya ɓare sai ya kama. Wannan kuwa yana juyawa sumul, ba ƙarar gogayya, kuma nauyinsa da kansa yana rage wa hannu garaje. Dole ka tafi a hankali, kuma a nan daɗin yake.

Abin da na koya a kansa shi ne a fara sauka daidai bisa layin da aka zana a ƙarƙashin tsirkiyoyi don nuna wurin sautin, ba bayansa ba kamar a jitar da aka saba, a bar sautin ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan a sako karkarwar, tana kaiwa da komowa daidai wa daida a gefe biyu na layin. Idan ta karkata gefe ɗaya, duk wanda ke sauraro zai ji ka kauce ko da bai san dalili ba. Akwai kuma lissafin da ban taɓa lura da shi ba: tazarar layin farko ta kai kusan santimita 3 da rabi, amma daga layi na 12 zuwa na 13 rabin haka ce. Ke nan motsin da ya yi daidai a ƙasa, idan ka kai shi can sama tasirinsa ya ninka. Hannu sai ya riƙa ƙanƙantar da kansa yana hawa. Na fi gane wannan da na zauna ina sauraron Jerry Byrd, makaɗin sitil jita Ba'amurke, wanda ya koma Hawai a farkon shekarun 1970 ya zauna can har rasuwarsa a 2005. Shi ba ya ma amfani da feda, hannun hagu ne kawai, amma sautinsa kamar mutum na numfashi.

Ido yana yaudara a wannan kaya. Kana zaune a wuri ɗaya, layukan da ke nesa da kai kana kallonsu a karkace, sai ka ga kamar kana kai alhali ka gota. Mai goge bai da layi ko ɗaya, kunnensa ne jagora, kuma haka na koma yi: in kunna sauti guda ya yi ta tafiya, in rufe ido, in nemo shi da ƙarfen. Minti goma sha biyar kowace safiya kafin in taɓa feda.

Shawara biyu ga mai niyyar saya. Ka haɗa shi da tsirkiyoyin nikel, domin ƙarfe marar tsatsa a kan ɗan'uwansa marar tsatsa yakan ɗan ja, kowane kamfani ne ya ƙera su. Sannan ka ajiye ƙyalle kusa, don gumin Legas yana sa kowane ƙarfe sulɓi a hannu. Ni ina goge shi da tsirkiyoyin bayan kowace waƙa biyu. Mai jita mai tsirkiya goma sha biyu zai fi jin daɗin yayansa, 921, wanda kaurinsa inci guda ne kuma ya fi tsawo. Na gwada na wani abokina, ya yi wa hannuna girma.

Makon jiya na kaɗa wa Baba wata waƙa mai sanyi a ɗakin gwajinmu. Bai ce komai ba sai da na gama, sannan ya ce in sake, amma wannan karon in jira sautin ya zauna kafin in motsa ƙarfen. A kan haka nake har yanzu.