Wayarka, ƙaramin risiba na Bluetooth ko Garmin: wanne za ka ɗauka zuwa awon gona?

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce ƙungiyarku ta manoma ta ɗora maka aikin auna gonakin mambobi kafin rabon taki, ƙauyukan kuma babu sabis, kana da tablet na Android amma wani ya ce maka GPS ɗin waya shirme ne, sai ka sayi Garmin, wato na'urar GPS ta hannu, ko wannan ɗan risiban GPS da ake haɗawa ta Bluetooth, kuma ba ka san wace manhaja za ka saka ba. Toh bari in faɗa maka abinda na sani, domin duka ukun sun ratsa hannuna.

Da farko cire tsoron rashin sabis a ranka. GPS ba ruwansa da sim ko data, saƙo ne yake saukowa kai tsaye daga taurarin ɗan'adam da ke can sama wajen kilomita 20,200, na'urarka saurare kawai take yi, idan ta kama guda 4 ta san inda kake. Abinda data ke yi shi ne ta taimaka ta kama su da wuri, in babu sai ka ɗan tsaya a fili minti ɗaya ko biyu. Taswirar ce ke buƙatar data, shi ya sa mutum zai ga ɗigon nan shuɗi a kan farin allo ya ce GPS ya mutu, alhali taswira ce bai sauke ba. Amma duba tablet ɗinka tukuna, wasu masu Wi-Fi zalla ba su da GPS a ciki sam, iPad ɗin da ba ya cin sim haka yake. Saka manhajar GPSTest ka fita tsakar gida, zai jero maka taurarin da yake gani.

Ita waya a fili fetal kuskurenta yawanci mita 3 zuwa 5 ne. Wayoyin yanzu ba taurarin GPS na Amurka kaɗai suke saurare ba, suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin, kaga taurari sun yi yawa kenan. Akwai kuma masu kama saƙon taurarin a zango biyu, L1 da L5, Xiaomi Mi 8 ce ta fara a 2018, yanzu manyan wayoyi da dama suna da shi, a GPSTest ɗin za ka ga an rubuta L5 ko E5a a gefe. Waɗannan sun fi nutsuwa a kusa da gini ko ƙarƙashin bishiya. Inda waya ke ba da kunya shi ne batir da zafi. Na taɓa zagaya wata gona a watan Afrilu da rana tsaka, allon ya dusashe har sai na kare shi da hula kafin in ga komai, bayanta ya yi zafi kamar an ɗauko ta daga murhu, kafin in koma turken da na fara manhajar ta rufe kanta, dole na sake zagayen daga farko ga mai gonar tsaye yana jirana.

Garmin kuwa, irin su eTrex 10 ko 22x, gaskiyar magana ba wani daidaito na ban mamaki kake saye ba, shi ma mita 3 zuwa 5 ɗin ne, wani lokacin waya mai L5 ta fi shi. Abinda kake saye juriya ce. Batir AA guda biyu na kai shi wajen awa 25, in sun ƙare ko a teburin mai shayi na ƙauye ka iya samun wasu, ruwan sama ba ya damunsa, ya faɗi daga kan babur ka ɗauka ka kaɗe ƙura ka ci gaba, allonsa kuma rana ce ma ke ƙara masa haske. Yana da wurin lissafa faɗin fili a cikinsa, ka danna, ka zagaya, ka danna, ya ba ka hekta. Matsalarsa rubuta sunan manomi da wannan ɗan maɓallin wahala ce, ba hoto, kuma sai ka dawo gida ka jona shi da kwamfuta kafin ka fitar da bayanan. Gona 20 ba komai, gona 300 za ka ji a jikinka.

Na ukun, risiban Bluetooth irin Garmin GLO 2, shi ne wanda mutane suka fi ruɗuwa da shi. Wannan tsarin tsohon yayi ne tun zamanin ƙananan kwamfutocin hannu irin iPAQ da Palm, lokacin da na'urorin hannu ba su da GPS a ciki dole ka rataya musu na waje. Yau amfaninsa biyu ne a wurina: in tablet ɗinka ba shi da GPS, ko kuma kana so ka ɗaura shi a kan sanda ko hula ya kalli sama sosai kai kuma tablet na hannunka a inuwa. Cajinsa na kai wajen awa 13 kuma yana rage wa tablet shan batir. Sai dai ga ƙarin kaya, abu biyu za ka riƙa caji, kuma a Android sau da yawa sai ka buɗe saitin masu ƙirƙirar manhaja (Developer options) ta hanyar danna Build number sau 7 a cikin saitin wayar, ka ba wata manhaja izinin maye gurbin wurin da wayar ke nunawa, in ba haka ba za ka yini kana zaton risiban ne ke aiki ashe na cikin tablet ɗin ne. Kar ka ɗauka ɗaya yake da risiban ƙwararru irin su Emlid Reach masu fasahar RTK, waɗancan santimita suke aunawa, amma suna buƙatar gyaran saƙo daga tasha ta biyu, kuɗinsu kuma wani aji ne daban.

Manhaja ita ce ta fi muhimmanci a aikinka wlh. Google Maps na tuƙi ne a gari, kana iya sauke yanki ka yi amfani da shi ba data, amma ba zai riƙe maka zagayen gona ya ba ka fayil ba. Organic Maps kyauta ce, mara nauyi, tana aiki ba data, ta isa kai ka ƙauye ta dawo da kai. OsmAnd ta fi ta zurfi, tana ɗaukar sawun tafiyarka ta ajiye a fayil ɗin GPX, sai dai saitinta da yawa kuma ta kyautar taswira 7 take bari ka sauke. Duka biyun daga OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa, suke ɗebo tasu, don haka wani ƙauyen za ka ga har layukansa, wani kuma suna kawai. Domin awon gona ni SW Maps nake so, tana zana iyaka, ka saka sunan manomi da hoto, tana kuma haɗuwa da risiban Bluetooth kai tsaye ba sai ka yi wancan dogon saitin ba. In kuma ƙungiyar na son komai ya taru wuri ɗaya, KoboCollect ko ODK Collect, fom ɗaya ya ɗauki suna, lambar waya da zagayen gonar, ka tura in ka shigo gari.

Yanzu lissafi kaɗan don ka ga inda kuskuren ke ciwo. Hekta ɗaya mita 100 ne sau 100. In ka zarce da mita 3 a tsawo da faɗi ka samu 10,609 maimakon 10,000, kashi 6 cikin ɗari kenan, rabon taki zai iya jure wannan. Amma fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30, kuskuren mita 5 sulusin faɗinsa ne ɗungurungum. Don Allah kar ka yarda a ja ka raba gardamar iyaka ko gado da waya ko eTrex, wannan aikin safiyo mai rajista ne. Kuma in ka ga lambobinka sun saɓa da na tsohuwar takardar fili da mita masu yawa, ba lallai na'urarka ce ta lalace ba, tsofaffin takardunmu a kan ma'aunin Minna aka yi su, GPS kuma wani ma'aunin daban mai suna WGS84 yake bi.

Da ni ne kai ba zan sayi komai ba tukuna sai fawabank mai kyau. In GPSTest ya nuna tablet ɗin na kama taurari, saka SW Maps, je ka gona ɗaya da ka san girmanta ka zagaya ta sau uku ka ga ko sakamakon na kusa da juna. Ka fita da sassafe saboda zafi, a kowace kusurwa ka tsaya daƙiƙa 20 ko 30 ɗigon ya zauna, in turken yana gindin ɗorawa ko mangwaro ka ƙara haƙuri don nan yake tsalle-tsalle. In babu GPS a tablet ɗin, GLO ɗin ne maganinka. Garmin na hannu sai in za ka kwana uku huɗu a inda ba wurin caji. Turo mana sunan tablet ɗin da hoton abinda GPSTest ya nuna, sai mu duba tare.