Bakin ruwan Paris a watan Yuli: saƙo zuwa ga Yaya a Yamai

Yaya, ina gaisuwa. Ya damina, ya yara? Kin ce in ba ki labarin yadda muke hutun makaranta a nan, tunda bana ma kuɗin jirgin zuwa gida bai samu ba. To ga shi.

Lokacin da kuke cikin marka, mu nan zafi muke sha. Bai kai na Afrilun gida ba, amma gidajen nan don riƙe ɗumi aka gina su, ba fanka a sama, ba tsakar gida, in rana ta buɗe sai ɗaki ya koma tanda. Ga yini da tsawo: farkon Yuli sai goma saura muke sallar magariba. Doka ta ba ma'aikaci a Faransa hutun mako biyar da albashinsa, shi ya sa da Agusta ta gabato duk mai hali zai kulle gida ya tafi bakin teku. Har mai burodin layinmu takarda yake liƙawa a ƙofa. Waɗanda ke saura a gari su ne irinmu, da tsofaffi, da masu yara da yawa.

Don waɗannan aka fara abin da suke kira Paris Plages a 2002, zamanin magajin gari Bertrand Delanoë. Titin mota da ke bin gaɓar kogin Sen aka rufe, aka zuba yashi, aka jera kujerun kishingiɗa da lema, wanda bai je teku ba a kawo masa ita gida. Yashin an daina kawo shi tun 2017, titin kuma ya zama na masu tafiya da ƙafa da masu keke shekara duka. A 2007 abin ya iso unguwarmu, gunduma ta 19, bakin Bassin de la Villette, wani dogon tafki da aka haƙa tun zamanin Napoleon. Tafiyar minti goma ce daga ƙofarmu.

Abin da na fi son ki ji shi ne duk wannan kyauta ne. Kujera kyauta, wanda ya riga zuwa shi ke zama. Akwai rumfar aron littafi, akwai filin wasan ƙwallayen ƙarfe irin wanda ake bugawa a Yamai, akwai ƙananan jiragen ruwa na yara, akwai bututun da ke fesa ruwa kamar yayyafi, mutum ya tsaya ƙarƙashi ya huce. Tun 2017 kuma aka killace wurin ninƙaya a cikin tafkin, kashi-kashi: na ƙananan yara ruwan bai wuce gwiwa ba, na manya ya kai mita 2.

Asabar da ta wuce Autata ta shiga karon farko. Ta riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, ta ƙi saki. Sai mai tsaron ruwan, wata matashiya da usur a wuya, ta durƙusa a bakin katakon ta ce mata ta sa haɓarta a ruwa ta hura. Sun fi minti goma a haka, kuma ba ta ɗauke ido daga sauran yaran ba. Da Auta ta saki ƙarfen ta waigo tana nemana, wallahi Yaya sai da na ji ƙwalla. Na tuna yadda Inna ke hana mu ko leƙa kogi, don kowace shekara sai an ji ruwa ya ci ɗan wani. Gaskiyarta. Ba mai tsaro, ba wanda zai koya mana, har yau daga ni har ke ba wadda ta iya ruwa, alhali a bakin kogin Isa muka girma.

Shi kansa kogin Sen, tun 1923 aka hana wanka a cikinsa saboda ƙazanta. Sai da aka kashe kusan yuro biliyan 1.4, sama da biliyan 900 na sefa ke nan, aka gyara magudanan ruwa, aka haƙa katafariyar rijiya kusa da tashar Austerlitz mai tare ruwan sama don kada ya kwaso dattin gari ya zuba a kogi. A Yulin 2025 aka buɗe wurare uku na wanka, ciki har da na unguwar Bercy. Kullum ana auna ruwan, in an yi ruwan sama mai ƙarfi a rufe. Mu ma a tafkinmu an taɓa mayar da mu gida haka, yara na kuka, amma na fi son a faɗa mini gaskiya da a bar su su sha cuta.

Inda ake jin jiki shi ne duk abin da za a kai baki. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ki riƙa lissafi. Ƙaramar gorar ruwa a rumfa yuro biyu, sama da jika guda, ruwan da ke za ki kashe ƙishirwarsa da leda ta dala biyar. Askirim ɗin yaro ɗaya yakan haura jika uku. Shi ya sa nake dafa dambu ko taliya tun safe in zuba a kula, gorunanmu kuma mu cika a famfunan gari, waɗanda ruwansu na sha ne kuma ba a biya. Gasasshiyar masara kaɗai nake saya, wajen masu gasa ta a kan keken kanti a bakin tashar jirgin ƙasa, ido na kan garwashi ido na kan 'yan sanda. Babba ce, amma zaƙinta bai kama ƙafar sabuwar masarar damina ta gida ba. Wurin salla kuma babu, sai dai mu koma gida in la'asar ta yi mu sake fitowa.

Da dare ana haska fim a fili a lambun La Villette, a kan ciyawa, kowa da abin shimfiɗarsa. Mutane dubbai, amma kowa da nasa yake magana. Wata tsohuwa da ke zama kusa da mu kullum ita kaɗai, sai a mako na uku ta karɓi dambun da na miƙa mata. A gida da tuni mun san sunayen jikokinta. Yanzu ita ke tsare mana kujera.

Kada ki ce gwamnati ce mai kyauta. Harajinmu ne, nawa ma yana ciki, duk wata ina ganin abin da aka cire a takardar albashi. Bambancin shi ne ina ganin inda ya shiga. Duk sa'ad da na zauna a bakin tafkin nan sai in tuna kallon da muke yi daga gadar Kennedy da yamma: masu wanki sun shanya kaya, masu lambu na ban ruwa, kwalekwale na wucewa, rana na faɗuwa. Kogin Sen ko kusa bai kai namu faɗi ba. Amma uwa mai yara uku da ba ta da kuɗin otel ko gidan abinci, ina za ta zauna a can hankali kwance? Fili ɗaya mai inuwa da fitila da mai tsaron ruwa ba zai ci biliyan ba.

Auta ta ce in gaya wa ƙannenta na wajenki ita za ta koya musu ninƙaya in mun zo baɗi, in Allah Ya kai mu. Ki gaida Inna, ki ce mata kilishin ya iso lafiya.